Sunan Abdulmajeed a Rigar Ammar

Ka gan su, kada ka ce ba ka gani ba. Ka tsaya a bakin fili ranar Asabar kana ɓare gyaɗa, aka ce maka wasan 'yan ƙasa da shekara sha bakwai ne, sai ga wani ƙato ya shigo da shatin reza a haɓa, ƙwabrinsa kamar na mai dakon siminti. Me ka yi? Dariya ka yi. Ka zunguri na kusa da kai ka ce, "Wannan ai ya yi zaɓe sau biyu." Kuka sheƙe, ka koma gida ka ci tuwo. Ba ka taɓa tambayar kanka ba, shekarun nan da ƙaton ya shigo da su na wane ne, kuma daga hannun wa aka karɓe su. Takardar da ya nuna tana da mai ita, kuma mai itan yana raye.

A Jikwoyi, mai takardar sunansa Abdulmajeed Ya'u. Shekararsa sha shida da wata uku a daminar 2007, lokacin da Abuja ke ta miƙewa sama, ko'ina ka duba ana zuba kankare, kowa da waya a kunne yana maganar kwangila. Mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa Iyatu tana Jiwa tana noma ɗan filin da aka bar mata, shi kuwa yana gidan ƙanin mahaifinsa, Baffa Saleh, yana aji biyar a sakandare. Daga Litinin zuwa Juma'a Baffa Saleh ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, mai farar shadda da katin aiki a wuya. Asabar da Lahadi sai ya rataya usur ya zama kocin Matasan Gangare. Duk wanda ya taɓa kallon ƙungiyar nan ya san a kan ƙafar hagun Abdulmajeed take tafiya. Shi ne lamba goma. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya san inda zai aika ta.

Sai aka sanar da gasar 'yan ƙasa da sha bakwai, aka ce ranar wasan ƙarshe wasu mutane za su zo daga wata makarantar ƙwallo ta ƙasar waje su zaɓi yara biyu. Abdulmajeed ya san bana ce kawai tasa. Baɗi war haka ya wuce shekarun.

Baffa Saleh a kan murfin injin motarsa yake tsara 'yan wasa, da murafan kwalaben lemo goma sha ɗaya. Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan sanarwar, ya tara yara a gindin darbejiya, ya sa yatsa a kan murfin da ke bayan 'yan gaba, ya ja shi har can baya ta hagu.

"Daga yau Abdul ya koma lamba uku. Ammar zai riƙe goma."

Ammar ɗan Baffa Saleh ne na cikinsa. Shekararsa ashirin, ya zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu bai samu ba, kuma sai a watan nan ya fara zuwa atisaye. Ba mugun yaro ba ne, yana da ƙarfi, amma in ƙwallo ta taɓa ƙafarsa tsalle take yi kamar ta bugi katanga.

Obadiah, bakaniken Apo da ke taimaka wa Baffa a ƙungiyar, ya cire hula ya sosa kai. "Oga, lamba uku? Wannan yaro ne injin namu fa. Ka cire injin ka sa a but, yaya mota zai tashi?"

Yara suka yi dariya. Baffa bai yi ba.

"Kai ka san injin mota, ni na san ƙwallo. A ƙwallon zamani daga baya ake ƙulla wasa. Ina so ya koyi tsaro."

Abdulmajeed ya yarda. Ya ma ji daɗi a ransa, wai Baffa yana so ya goge ta kowane ɓangare kafin baƙin su zo. Shi kuwa Ammar, Abdulmajeed ya ɗauka a atisaye kawai zai riƙe gurbin, tunda kowa ya san ya girme wa gasar.

A makon ne Anti Saudatu, matar Baffa, ta tare shi yana wanke kwanuka a bakin famfo.

"Abdul, ina takardar haihuwarka?"

"Tana cikin jakata, Anti."

"Cikin wannan jakar da ruwa ke shiga? Kawo in ba Baffanka ya kai ofis a manne ta da roba. Damina ce, kar ta lalace."

Ya kawo. Bayan kwana huɗu ya tambaya, aka ce injin ofis ya lalace. Bayan mako ya sake tambaya, Anti Saudatu ta ajiye muciya ta dube shi. "Cinye ta za mu yi?"

Sai sabuwar doka ta fito a fili. Baffa ya hura usur ya ce daga yanzu babu kiran suna a wasa, lamba za a riƙa kira, domin abokan hamayya suna gane shirinsu ta sunaye. Duk wanda ya kira suna zai zagaya fili sau biyar. A gida ma abin ya bi shi. Anti Saudatu ta daina cewa Abdul, ta koma cewa "kai ɗan Jiwa." Baffa kuwa "kai" kawai yake cewa.

Wasan farko na gasar, Abdulmajeed ya ɗaura takalmi, Baffa ya nuna masa benci.

"Fili ya jiƙe. Yau dogayen ƙwallaye za mu buga ta sama, ina buƙatar masu tsawo."

Yana zaune ya ga Ammar ya shiga sanye da lamba goma, alƙalin wasa bai ce komai ba. Abin ya tsaya masa a rai. Wasa na biyu fili a bushe yake ƙayau, amma bencin dai aka sake nuna masa.

"Ɓoye ka nake yi. Kai ne makamin da ba su sani ba. In na fito da kai yanzu, kafin wasan ƙarshe sun karya maka ƙafa."

Ana cikin wasan nan Baffa ya tashi yana yi wa mai tsaron gida ihu, ya bar allonsa a kan benci. Abdulmajeed ya leƙa takardar jerin 'yan wasa. A layi na goma an rubuta da manyan baƙaƙe: ABDULMAJEED YA'U, an kuma sa alamar cewa yana cikin fili. Ya bi jerin har ƙasa, har masu jiran canji. Babu Ammar ko'ina. Bai gama dubawa ba Baffa ya fizge allon.

"Wa ya ba ka izinin taɓa kayana? Kuskuren magatakarda ne, za a gyara."

Daga ranar ya fara lura da abubuwan da a da ba ya kula da su. Ammar yana aske gemu da safe, ya sake askewa da yamma. Anti Saudatu ta sayo masa gajerun wanduna irin na 'yan makaranta. In Abdulmajeed ya shigo falo, hira takan yanke, a ƙara sautin talabijin. Wata rana bayan la'asar ya je ɗebo ruwa a tankin bayan gida, sai ya ji muryar Anti ta tagar ɗakinta.

"Sake. Ranar haihuwa?"

"Goma sha huɗu ga Afrilu, 1991," in ji Ammar.

"Firamare?"

"Jiwa."

"Sunan mahaifiya?"

Ammar ya ce, "Mama, wannan ɗin dai..."

"Faɗi mana! In Bature ya tambaye ka haka za ka tsaya kana inda-inda?"

"Iyatu."

Bokitin ya cika har ya yi ambaliya a ƙafafunsa, Abdulmajeed bai motsa ba.

Ranar Alhamis da sassafe Baffa ya aike shi Karshi ya kai wa wani abokinsa saƙo, ya ce ya jira amsa ko da za a kai yamma. Mutumin bai dawo gida ba sai bayan azahar, ya buɗe ambulan, ya karanta, ya dubi yaron da mamaki, ya ce ai wannan maganar sun gama ta a waya tun jiya. Abdulmajeed ya hau mota ya dawo. A ƙofar gida ya tarar da mahaifiyarsa tana gyara mayafi za ta tafi, fuskarta cike da fara'a.

"Ɗan albarka, ashe haka Allah ya yi da kai! Baffanka ya ce ƙasar Turawa za ka tafi. Ga dakuwa can na kawo maka."

Ta kama hannunsa. A lokacin ya ga babban yatsanta na dama, shuɗi da tawada.

"Inna, me kika dangwala wa hannu?"

"Takardar yarda mana. An ce sai uwa ta yarda kafin a yi maka fasfo. Wurare uku na dangwala."

"Kin ga hoton da ke jiki?"

"Hoto? Baffanka ya rufe saman da hannunsa, yana nuna mini inda zan sa yatsa." Fara'ar ta fara raguwa. "Lafiya dai?"

Bai iya gaya mata a bakin titi ba. Ya raka ta ta hau mota, ya dawo ya sami Baffa a falo yana karanta jarida. Bai taɓa tsayawa a kan Baffa yana magana ba, kullum durƙusawa yake yi. Ranar bai durƙusa ba.

"Baffa, a ba ni takardata."

Baffa Saleh ya ninke jaridar a hankali. Bai yi musu ba. Masu irin wannan aikin ba su cika musu ba, bayani suke yi.

"Zauna. Kai yaro ne, ba ka san yadda ƙasar nan take ba. Ka ga yaran da muka buga da su ranar Asabar? Akwai mai 'ya'ya biyu a cikinsu. Kowa haka yake yi. Mu kaɗai za mu zauna muna gaskiya ana wuce mu?"

"To ni a sa ni. Ni shekaruna gaskiya ne."

"Kai ƙarami ne, jikinka bai yi ƙwari ba. Turawan nan ƙarfi suke nema. In na sa ka ba su ɗauke ka ba, gidan nan ya yi asara gaba ɗaya. In Ammar ya tafi, kai ya tafi. Sunan yayana ne zai shiga duniya, ba nawa ba. Ka taɓa tunanin wannan? Ni ne ma na yi sadaukarwa."

Anti Saudatu ta leƙo daga madafa. "Shekara uku kana cin tuwon gidan nan, yau an ari takarda guda ɗaya ka tsaya kana huci a kan baffanka? Aro ne fa."

"Yaushe za a dawo da ita, Anti?"

Anti Saudatu ta juya ta koma madafa.

Washegari Abdulmajeed ya tafi Apo ya sami Obadiah a ƙarƙashin wata mota. Obadiah ya fito yana goge hannu da tsumma, ya saurare shi har ƙarshe, idonsa a kan tsumman.

"Na sani, yarona. Tun ranar da ya ja murfin kwalba na sani. Amma ni mataimaki ne kawai. Oga ne yana kawo mini motocin ofis nasu. In na buɗe baki, za a kori tawaga duka, yara ashirin. Ka yi haƙuri, Allah yana gani."

Matasan Gangare suka kai wasan ƙarshe da ƙyar, da bugun fanareti. Ranar, fili ya cika. An kafa rumfa, baƙi biyu suna zaune a ciki da littattafansu. Kafin a fara, wani jami'in gasa ya jera yara a layi, yana kiran suna yana duba katin kowa. Tun da safe Baffa ya ce wa Abdulmajeed ya zauna a gida ya wanke tankin ruwa. Bai zauna ba. Ya sa tsohuwar rigarsa ta atisaye ya zo ya tsaya a ƙarshen layi.

"Abdulmajeed Ya'u!"

"Na'am."

Murya biyu ce ta amsa. Jami'in ya ɗaga kai.

Baffa Saleh ya taho da sauri yana dariya. "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Wannan ɗan riƙona ne. Son ƙwallo ya ɗan taɓa masa kai, duk sunan da aka kira amsawa yake yi."

"Ni ne Abdulmajeed Ya'u," in ji yaron. "Wannan Ammar Saleh ne, shekararsa ashirin. Takardata ce a hannunsa."

"Ina katinka?" in ji jami'in.

"Ba ni da shi."

"Wata shaida?"

"Su. Duk sun san ni."

Jami'in ya juya ga layin. "To, wane ne Abdulmajeed a cikin su biyun?"

Yara goma, waɗanda Abdulmajeed ya yi shekara uku yana ba su ƙwallo a ƙafa, suka sunkuyar da kai. Baffa ya riga ya gaya musu abin da zai faru da ƙungiyar in wani ya yi surutu. Obadiah yana can yana ɗaure ragar da ba ta kwance ba. Iyayen da ke bayan igiya, waɗanda suka sha yi wa Abdulmajeed tafi suna kiran sunansa, suka tsaya suna kallo kamar wani wasan ne aka fara. Ammar ya dubi ɗan'uwansa sau ɗaya, ya kawar da kai. Jami'in ya dubi katin, ya dubi haɓar Ammar, ya dubi hadarin da ke haɗuwa ta gabas, ya dubi agogo. Ya sa alama.

"Na gaba!"

Wasu matasa biyu suka riƙe Abdulmajeed suka fitar da shi bayan igiya. Daga nan ya kalli wasan. Kafin hutun rabin lokaci an ci su ɗaya, tsakiyar filinsu a buɗe take kamar titi. Ya ga wuraren da ya kamata ƙwallo ta bi, ƙafarsa ta hagu tana motsi ita kaɗai a cikin laka. A hutu ya hango Baffa a jikin mota yana ture murafan kwalba gaba da baya, yana sa 'yan gaba uku, yana mayar da su biyu. An tashi biyu da nema, Matasan Gangare sun sha kashi.

Amma baƙin sun ɗauki Ammar. Sun ga yadda yake ture yara suna faɗuwa, ɗayansu ya ce bai taɓa ganin ɗan shekara sha shida mai irin wannan ƙarfin ba.

Kwana uku babu wanda ya yi wa Abdulmajeed magana a gidan. Abincinsa a ƙofar ɗaki ake ajiyewa. Bayan mako biyu, ranar da aka kawo fasfon Ammar, Baffa ya kira shi falo ya tura masa wata takarda a kan tebur. Takardar rantsuwar shekaru ce, irin wadda ake yi a kotu, an cike komai, sa hannu kawai ya rage. Suna: Ammar Saleh. Shekarar haihuwa: 1987.

"Duk da abin kunyar da ka yi mini a gaban jama'a, ban yar da kai ba. Ga naka. Da wannan za ka yi rajistar jarrabawa, tunda ba zai yiwu a sami Abdulmajeed Ya'u biyu masu ranar haihuwa ɗaya ba. Na ma yi magana a sauya maka makaranta. Sa hannu."

Abdulmajeed ya karanta takardar sau biyu. In ya sa hannu, yau ya zama ɗan shekara ashirin, kuma babu wata gasar yara da zai sake shiga har abada. Ya ajiye biron.

"Ba zan sa ba, Baffa."

"To ba za ka zauna mini a gida kana jawo wa ɗana matsala ba."

Abdulmajeed ya tafi Jiwa. Ya tarar da Iyatu tana cire ciyawa a cikin masara, ya gaya mata komai, ya roƙe ta ta bi shi su je su faɗi gaskiya, tunda ita ta haife shi. Ta zauna a kan kunya ta yi kuka har ta gaji. Sannan ta share ido da bakin zane.

"In na yi magana aka kama baffanka, da wane ido zan kalli dangin ubanka? Za a ce na rusa gidan da ya riƙe mini ɗa. Kuma ni na dangwala da hannuna, ni ma kama ni za a yi. Ka yi haƙuri, ɗan nan. Ka koma ka ba shi haƙuri."

Bai koma ba. Obadiah ya ba shi wurin kwana a bayan garejinsa, yana koya masa kwance giya. An yi rajistar jarrabawa an rufe babu shi. Ya je ofishin da ake ba da takardar haihuwa neman wata, aka ce ya zo da babba daga dangin uba ya tsaya masa. Babban da yake da shi a Abuja guda ɗaya ne.

Ba wani ɗan fashi ne ya yi wa yaron nan haka ba. Mai salla a sahun farko ne, mai digiri, wanda ke zama a majalisar unguwa yana zagin masu satar dukiyar ƙasa. Kuma bai yi shi kaɗai ba. Matarsa ta karɓo, mataimakinsa ya yi shiru, jami'i ya duba agogo, unguwa guda ta tsaya bayan igiya. Kowannensu yana da dalilinsa, kuma duk dalilan nan a kan yaro ɗaya suka sauka.

Akwai ɗan riƙo a gidanku, ko a gidan yayanka, ko a gidan da ke jikin katangarku. Ajiye wannan takardar da kake karantawa ka tashi. Je ka tambaye shi ina takardar haihuwarsa take, ina sakamakon firamarensa. In ya ce an ajiye masa, ka je wurin wanda ya ajiye ka ce a fito da su ka gani da idonka, ko da baffanka ne, ko da mahaifinka ne. In an ce maka rashin kunya kake yi, ka amsa cewa e, kada kuma ka bar ɗakin sai takardar tana hannun mai ita.